Tarihin Alexander Fleming, ɗan manomin da ya gano penisilin

A shafinmu na tarihin manyan mutane, yau mun kawo muku labarin wani Bature wanda da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa aikinsa ya shiga kusan kowane gida. Duk uwar da ta kai ɗanta asibiti yana tari yana haki, aka rubuta mata amoksisilin yaron ya tashi, ta ci gajiyar aikinsa. Haka nan kafson da kuke gani a faranti a kasuwa ana sayar da shi ɗaya ɗaya ko biyu biyu, shi ma dangin abin da mutumin nan ya gano ne, kuma tun yana raye ya yi kashedi a kan irin wannan ciniki. Sunansa Alexander Fleming, shi ne ya gano penisilin, wanda ya buɗe ƙofar magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake kira antibiyotik.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Fleming ranar 6 ga Agusta 1881 a wata gona mai suna Lochfield kusa da garin Darvel, a ƙasar Sikotilan da ke arewa da Ingila. Mahaifinsa Hugh Fleming manomi ne mai kiwon tumaki, kuma mahaifiyarsa Grace ita ce matarsa ta biyu, wadda ya aura bayan rasuwar ta farin. Yana ɗan shekara 7 uban ya rasu, sai uwar da babban wansa suka ci gaba da riƙon gona. Yaron ya fara lakwal a ƙauye, daga baya aka mai da shi Darvel, inda yake taka wajen kilomita 6 da safe, ya sake taka su da yamma, ko ana ruwa ko ana sanyi.

Bai cika shekara 15 ba aka tura shi Landan wurin wansa Tom, wanda likita ne. Ya ƙara karatu kaɗan, sannan ya kama aikin malanta a biron wani kamfanin jiragen ruwa, yana rubuta lissafin kaya har shekara 4. Aikin bai kwanta masa a rai ba. Yana da shekara 20 wani baffansa ya rasu ya bar masa ɗan gado, Tom kuma ya ba shi shawara ya zuba kuɗin a karatun likita. Ya bi shawarar, ya shiga makarantar likitoci ta asibitin St Mary's a Landan, ya fito a 1906 da sakamako mai kyau ƙwarai. A wannan asibiti ya yi aiki har ƙarshen rayuwarsa, kusan shekara 50.

Ya shiga sashen binciken ƙwayoyin cuta ƙarƙashin wani babban malami, Almroth Wright. A wancan zamani likitoci sun riga sun san cewa wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani sai da madubin likita, waɗanda ake kira bakteriya, su ne ke kawo ciwon huhu da sanƙarau da tarin fuka da mugunyar rauni. Sanin mai laifi suke da shi, amma abin kashe shi a cikin jiki ba tare da an kashe marar lafiya ba, wannan babu. Mace za ta haihu lafiya, bayan kwana uku zazzaɓi ya kama ta ya tafi da ita. Ƙaya za ta soki mutum, wurin ya kumbura, dafi ya shiga jini. Abin da ya fara fitowa shi ne wata allura mai suna Salvarsan ta Bajamushe Paul Ehrlich, a 1910, wadda ke maganin tunjere, kuma Fleming yana cikin likitocin farko da suka yi aiki da ita a Landan.

Abin da ya gani a fagen yaƙi

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi a 1914, Fleming ya bi malaminsa zuwa garin Bulon na Faransa a matsayin likitan soja, har ya kai muƙamin kaptan. Can ya ga samari suna mutuwa da raunin da bai isa kisa ba, saboda ƙasa da tsumma sun shiga cikin nama, wurin ya ruɓe. Likitoci suna ta zuba magunguna masu zafi cikin raunukan don su kashe ƙwayoyin cuta. Fleming ya gwada, ya nuna cewa in rauni ya yi zurfi, maganin ba ya kai ga lungunan da bakteriya ke ɓoye, sai dai ya kashe fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin da jiki ke turawa su yi faɗa da cuta. Ya buga wannan a 1917, amma yawancin likitocin soja ba su saurare shi ba. Daga nan ya riƙe tambaya guda a ransa: ina za a samu abin da zai kashe ƙwayar cuta ya bar jikin mutum lafiya?

A cikin yaƙin ne, a Disamba 1915, ya auri wata ma'aikaciyar jinya ƴar ƙasar Ailan mai suna Sarah McElroy. Sun haifi ɗa guda, wanda shi ma ya zama likita.

A ƙarshen 1921 mura ta kama shi. Ya ɗebi majinarsa ya ɗiga a kan ɗan farantin gilashi da yake kiwon bakteriya a ciki, bayan kwanaki ya ga ƙwayoyin da ke kusa da majinar sun narke. Ya bincika ya tarar akwai wani sinadari a majina da hawaye da miyau da farin ƙwai mai narkar da wasu ƙwayoyi, ya sa masa suna lizozim. Sai dai ƙarfinsa ya tsaya ga ƙwayoyin da ba su da haɗari sosai, don haka bai zama magani ba. Duk da haka ya koya ma idonsa gane wurin da bakteriya suka narke a faranti, kuma wannan ya yi masa rana bayan shekara 7.

Fumfunar da ta faɗa cikin faranti

An san Fleming da rashin yawan magana, da kuma rashin saurin zubar da kayan gwaji. A damanar 1928 ya tafi hutu da iyalinsa, ya bar faranta da ya shuka wata bakteriya mai suna stafilokok, wadda ke kawo maruru da mugunya. Ranar 3 ga Satumba ya dawo yana duba su, sai ya ga fumfuna ta tsiro a gefen wani faranti, irin wadda ke fitowa a jikin burodi ko lemo in sun kwana biyu. Wani zai ce faranti ya ɓaci ya jefa shi a wanki. Shi kuwa ya lura cewa kewaye da fumfunar wuri ya yi fes, ƙwayoyin cutar sun mutu, can nesa da ita kuma suna nan da ransu.

Ya ɗebi fumfunar ya yi kiwonta a cikin romo, ya tace ruwan ya shiga gwaji. Ya tarar ruwan yana kashe ƙwayoyin da ke kawo ciwon huhu, da sanƙarau, da mashaƙo, da ciwon sanyi, ko da an sirka shi sau ɗaruruwa. Ya tarar kuma ba ya taɓa fararen ƙwayoyin jini, ya yi ma zomo da ɓera allurarsa ba abin da ya same su. Amma ƙwayar tifoyid ko gezau ba ta yi ba. Tun daga ranar farko ke nan aka san cewa maganin yana da waɗanda yake kamawa da waɗanda ba ruwansa da su. Da yake fumfunar daga dangin Penicillium take, sai ya raɗa ma sinadarin suna penisilin a watan Maris 1929, ya buga bayaninsa a wata mujallar likitoci a shekarar.

Nan tafiya ta tsaya. Penisilin ɗin da ke cikin romon kaɗan ne ƙwarai, kuma da an yi ƙoƙarin raba shi da ruwa sai ya lalace. Fleming ba masanin haɗa sinadarai ba ne, mataimakansa biyu sun yi iya ƙoƙarinsu sun gaza. Shekara 10 ba wanda ya kula da takardarsa sosai. Abin kirkin da ya yi shi ne bai bar fumfunar ta mutu ba, kuma duk ɗakin binciken da ya roƙa yakan aika masa da iri. Ana cikin haka wani Bajamushe, Gerhard Domagk, ya fito da maganin sulfa a 1935, wanda ya nuna ma likitoci cewa lallai ana iya kashe bakteriya a cikin jini da magani.

Mutanen Okisfod

Waɗanda suka mai da penisilin magani wasu ne dabam, a jami'ar Okisfod. Shugabansu Howard Florey mutumin Ostireliya ne. Tare da shi akwai Ernst Chain, Bayahude wanda ya gudo daga Jamus a 1933 saboda mulkin Hitler, da wani saurayi Norman Heatley mai hikimar haɗa kayan aiki daga tarkace. Chain ne ya ci karo da tsohuwar takardar Fleming, suka duƙufa a kai daidai lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi a 1939, ga ƙarancin kuɗi ga ƙarancin kaya. Sun yi kiwon fumfuna a cikin kwalabe da gwangwanaye har da fo na marasa lafiya, suka ɗauki ƴan mata 6 suna kula da ita.

Ranar 25 ga Mayu 1940 suka yi ma ɓeraye 8 allurar ƙwayar cuta mai kisa, suka ba 4 penisilin, suka bar 4 haka nan. Kafin gari ya waye waɗanda ba a ba magani ba duk sun mutu, sauran suna nan da rai. Da labari ya fito Fleming ya tafi Okisfod da kansa ya ga abin da aka yi da fumfunarsa.

Ranar 12 ga Fabrairu 1941 aka gwada maganin a kan wani ɗan sanda mai shekara 43, Albert Alexander, wanda mugunya ta ci fuskarsa har an cire masa ido guda. Cikin kwana ɗaya zazzaɓi ya fara sauka, ya soma cin abinci. Maganin kuwa bai da yawa, har sai da aka riƙa tace fitsarinsa ana ciro penisilin ɗin da ya fita ana sake yi masa allura da shi. Bayan kwana 5 magani ya ƙare alhali ƙwayoyin cutar ba su gama mutuwa ba. Ciwon ya dawo, mutumin ya rasu ranar 15 ga Maris. Wannan mutuwa ta koya ma likitoci darasin da har yau ake maimaita ma marasa lafiya, wato jin sauƙi dabam, warkewa dabam.

Ingila na shan ruwan bama-bamai, ba masana'antar da za ta iya ɗaukar aikin, don haka Florey da Heatley suka tafi Amurka a 1941. A garin Peoria aka gano cewa fumfunar tana ba da penisilin mai yawa in an ciyar da ita da ruwan jiƙon masara. Aka shiga neman irin da ya fi albarka daga ƙasashe da dama, amma wanda ya yi zarra a kasuwar garin aka same shi a 1943, a jikin wani ɗan itace dangin kankana da ya fara ruɓewa. Kamfanoni suka kafa manyan tukwane, kafin sojojin ƙawance su sauka a Normandi ta Faransa a watan Yuni 1944 an tanadi allura fiye da miliyan 2.

Suna da ɗaukaka

A watan Agusta 1942 wani sanin Fleming mai suna Harry Lambert ya kwanta a St Mary's da sanƙarau, har an fid da rai. Fleming ya roƙi Florey ya ba shi penisilin, ya yi ma marar lafiyar allurarsa a gadon baya, ya tashi. Jaridu suka ɗauki labarin. Florey ba ya son ƴan jarida, yana tsoron jama'a su yi ta neman maganin da babu isasshe, shi kuwa Fleming yakan karɓe su. Ta haka sunansa ya cika duniya, na mutanen Okisfod ya koma baya, abin da ya daɗe yana yi musu ciwo. Sarkin Ingila ya ba shi sarautar Sir a 1944, shi da Florey. A 1945 aka raba kyautar Nobel ta fannin likita tsakanin Fleming da Florey da Chain. Heatley bai samu shiga ba, tun da ba a raba ta ga fiye da mutum uku. Fleming bai yi rajistar mallakar penisilin don ya ci riba ba.

A jawabinsa na karɓar kyautar a birnin Sitokholm, cikin Disamba 1945, ya yi kashedin da ya sa muka zaɓo tarihinsa domin ƴan kasuwa. Ya bayyana cewa a ɗakin bincike abu ne mai sauƙi a koya ma ƙwayar cuta jure ma penisilin, in aka riƙa ba ta ɗan kaɗan wanda bai isa ya kashe ta ba. Ya nuna tsoron ranar da kowa zai iya sayen maganin a kanti ya sha yadda ya ga dama. Ya ba da misalin mai ciwon maƙogwaro da zai sha abin da bai isa ba, ƙwayoyinsa su yi tauri, ya sa ma matarsa, ita kuma in ciwon huhu ya kama ta a ba ta penisilin ya ƙi ci har ta mutu. A ganinsa alhakin wannan rai yana wuyan mijin.

Dangin da suka biyo baya, da yadda kowane ke aiki

Nasarar penisilin ta sa masana suka bazama suna tona ƙasa da ruwa suna neman irinsa, kuma Fleming ya ga fitowar da yawa daga cikinsu da idonsa. Sirrinsu duka ɗaya ne, shi ne amsar tambayar da ya taho da ita daga fagen yaƙi. Kowane yana kai hari ga wani abu da bakteriya ke da shi wanda jikin mutum ba ya da irinsa.

Dangi na farko su ne masu rusa katanga. Kusan kowace bakteriya tana da ɓawo mai tauri da ya kewaye ta kamar ganuwar gari, kuma in za ta rabu biyu sai ta yi sabon gini. Penisilin yana hana ginin haɗuwa, ruwa ya shige ta, ta kumbura ta fashe. Ƙwayoyin jikin mutum ba su da wannan katanga, shi ya sa ba ya taɓa su. Cikin gidan nan akwai ampisilin da amoksisilin, wanda ake ba yara masu ciwon huhu da ciwon kunne, da seftiriyakzon, allurar da ake yi ma mai sanƙarau. Asalin dangin seftiriyakzon wata fumfuna ce da likita Giuseppe Brotzu ya samo a bakin magudanar ƙazanta a tsibirin Sardiniya na Italiya. Har yau allurar penisilin ce babban maganin tunjere. Sai dai akwai masu jinin da ba ya ɗaukar wannan dangi, su yi borin jini ko fuska ta kumbura ko numfashi ya sarƙe, kuma wajibi ne mai irin wannan ya faɗa ma likita kafin a ba shi.

Dangi na biyu su ne masu tsai da injin. A cikin bakteriya akwai ƙananan injina da ke ƙera abin da take gina jikinta da shi, kuma ƙirarsu ta bambanta da tamu. Na farko a nan shi ne streptomisin, wanda Albert Schatz ya samo daga ƙasa a ɗakin binciken Selman Waksman a Amurka a 1943, shi ne kuma maganin farko da ya ci tarin fuka. Ƙaninsa jantamisin allura ce da ake yi a asibiti, har ga jarirai masu dafi a jini, amma in ya yi yawa yana kurmanta kunne ya ɓata ƙoda. Akwai kuloramfenikol na 1947, wanda allurarsa mai mai ta ceci mutane da yawa a annobar sanƙarau a Sahel, sai dai yana iya taɓa ɓargo, kuma wani gwaji da aka yi a Nijar a 2003 ya nuna seftiriyakzon yana yin aikin da yake yi. Akwai tetrasiklin, wanda galibi shi ne kafson da ake ce ma ja da yalo. Ba a ba mace mai ciki ko yaron da bai kai shekara 8 ba, domin yana rina haƙora, kuma in an sha shi da nono ko fura da nono hanji ba ya tsotse shi yadda ya kamata. Akwai kuma eritromisin na 1952, da azitromisin da ake rabawa don ciwon ido na tarakoma.

Dangi na uku su ne masu hana haihuwa. Kafin bakteriya ta rabu biyu sai ta kwafi littafin gadonta, siprofuloksasin kuma yana sarƙe wannan kwafi. Ana ba da shi ga tifoyid, da zawo mai jini, da ciwon mafitsara. Metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, yana yayyaga littafin ne gaba ɗaya, yana maganin atuni na amiba da wasu cututtukan mata. Rifampisin yana cikin magunguna 4 da mai tarin fuka ke farawa da su, a sha na wata 6, kuma yana mai da fitsari ja, abin da ba na tsoro ba ne.

Dangi na huɗu su ne masu sa yunwa, wato jikokin sulfa irin su kotirimokzazol da ake kira Bactrim. Suna hana bakteriya haɗa wani bitamin da ba ta rayuwa sai da shi, mu kuwa daga abinci muke samun namu.

Daga nan mai karatu zai gane dalilin da ya sa kafso ba ya maganin mura ko ƙyanda. Su birus ne ke kawo su, shi kuwa birus ba shi da katanga ba shi da injin nasa na kansa, don haka maganin ba ya samun wurin kamawa. Amoksisilin ba ya maganin masassarar cizon sauro. Yawancin zawon yara ma ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki yake so. Ciwon baya da gajiyar kasuwa kuwa ba ruwansu da antibiyotik ko kaɗan.

Ƙarshen rayuwarsa

Matarsa Sarah ta rasu a 1949, abin ya girgiza shi, ya koma ya rufe kansa a ɗakin bincike. A 1953 ya auri wata likita ƴar Girka, Amalia, wadda suka yi aiki tare. Ya zagaya ƙasashe ana karrama shi, yana ta maimaita cewa fumfuna ce ta yi penisilin, nasa kawai lura. Ranar 11 ga Maris 1955 ciwon zuciya ya kama shi a gidansa a Landan, ya rasu yana da shekara 73. An binne shi a babbar majami'ar St Paul, inda Ingila ke ajiye manyan mutanenta.

Bai mutu ba sai da ya ga abin da ya ji tsoro ya fara. Tun 1940 Chain da wani abokin aikinsa sun gano cewa wasu bakteriya suna da wani sinadari mai tsinka penisilin. Kafin 1950 stafilokok ɗin asibitocin Landan da yawa ya daina jin maganin. Aka ƙera wani sabo mai suna metisilin don a kama shi, a 1961 aka samu wanda shi ma ya fi ƙarfinsa. Yadda abin ke faruwa shi ne, in an sha magani kaɗan, raunanan ƙwayoyi su mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, har su ba wasu ƙwayoyin dabararsu. Wani babban bincike da mujallar The Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma in an auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa wajen magani 1 cikin 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko marar inganci. Kafson da ya wuni a rana a kan faranti wata da watanni ƙarfinsa na iya raguwa, wanda ya sha shi kuwa ya zama mutumin nan na misalin Fleming ba da saninsa ba.

Mun san abin da ke kai mutane ga faranti: asibiti da nisa, layi da tsawo, barin rumfa na wuni guda asara ce, ga kuɗin ordonans. Amma Alhaji da Hajiya sun fi kowa sanin lissafi. Kafso biyu na dala kaɗan yau, in ya taurara ƙwayar cuta, gobe allura ce ta jikkuna da kwanciya asibiti, wani lokaci ma ba a samu mai ci ba. Saboda haka a bar ma'aikacin lafiya ya duba ya faɗi ko ciwon na antibiyotik ne. In ya rubuta, a saya a farmasi, a saya duka, a sha a kan sa'o'in da ya faɗa har kwanakin su cika ko da an ji sauƙi. Kada a raba da maƙwabciya, kada a ajiye saura don wani ciwon, kada a zuba ma kaji da awaki ba da shawarar likitan dabbobi ba. Masu sayarwa a faranti kuma su tuna da maganar alhaki da mutumin nan ya yi, domin wanda za a kai asibiti magani ya ƙi ci, yana iya zama ɗan cikinsu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka a kasuwa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba da tarihin wani.